Hedimasta Ya Koma Ɗan Makaranta A Gindin Tirela

A cikin garin Suleja akwai wani dattijo wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa a makarantun firamare, 12 na ƙarshe kuwa yana shugabancin makaranta, har sunan Hedimasta ya bi shi, ba mai kiransa da sunan yanka sai waɗanda suka sha nono ɗaya. Mutum ne wanda ya saba a tambaye shi ya ba da amsa. In lissafin gado ya rikice a unguwa shi ake aika wa, in takarda ta zo daga ofis da Turanci mai kauri gidansa ake kawo ta. To, a farkon shekarar 2022, bayan ya yi ritaya ya kuma sha jiran garatuti har Allah ya kawo, sai ya yi abin da ya sa abokan hirarsa na ƙofar masallaci suka riƙe baki. Ya sayar da wani fili da ya mallaka a wajen Gauraka tun cikin shekarun 1990, lokacin da wurin yake daji, ya haɗa kuɗin da na garatutin, ya sayi tirela.

Wanda ya san Suleja ba zai ga baƙon abu a cikin wannan sha'awa ba. Tun ran 3 ga watan Fabrairu 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, garin nan ya shiga hidimar manyan motoci bai fita ba. Ya ba da sunansa na asali, watau Abuja, ya karɓi na Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka sauka, a wurin da har yanzu ake ce wa Fil Bes, kayan ginin kuma ba kaɗan ba ne suka bi ta gindin Dutsen Zuma. Ga ma'ajiyar man fetur a Maje, ga mararrabar Dikko inda hanyar Minna ta rabu da ta Kaduna, ga Tafa inda in dare ya yi tireloli suke kwana a gefen titi hagu da dama. Yaron da ya tashi a nan yakan san tsakin birkin iska tun bai iya haɗa baƙi ba. Hedimasta ya yi shekaru yana kallon waɗansu tsofaffin ɗalibansa, waɗanda ko jadawalin bakwai ba su riƙe ba, suna dawowa da motoci biyu uku suna gina benaye. Ya yi nasa lissafin a takarda, lissafin kuwa ya fita daidai. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kai daban ya saya, bodi daban. Kan ƙirar DAF ne mai taya 10, wanda ya riga ya cinye ƙuruciyarsa a hanyoyin Turai kafin jirgin ruwa ya sauke shi a Ikko. Bodin kuwa shimfiɗaɗɗe ne irin na ɗaukar siminti, ƙirar masu walda na gida, da taya 12. Direba bai yi nisa wajen nemansa ba, gama yana da ɗan yayarsa, saurayi mai kuzari wanda ya yi shekara 6 yana yaron mota kana ya sami lasisin aji G, wanda shi ne na tuƙin irin waɗannan motoci. Ran da aka kawo motar ba ta iya shiga lungunsu ba, sai aka tsayar da ita a bakin titi, unguwa ta fito kallo. Uwargidansa ta leƙo cikin mayafi, ta dube ta tun daga kai har wutsiya, ta ce, "Malam, yanzu filin namu ke nan?" Ya ce shi ne. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Shi dai wancan ba ya gudu."

Kashegari aka kai motar gareji a hanyar Kaduna, aka saukar da ƙafafun bodi, aka ja kan gaba domin a wanke. A nan ne Hedimasta ya ga abin da ya hana shi barci. A bayan kan, daidai bisa tayoyin baya, akwai wani faranti na ƙarfe mai faɗi, bakinsa a tsage, ya yi baƙi ƙirin da tsohon giris. A ƙarƙashin goshin bodi kuma ga wani guntun ƙarfe ya leƙo ƙasa, kaurinsa bai wuce na wuyan hannun mutum ba. Ya zagaya yana neman sarƙa ko wasu manyan notuna da suke ɗaure su biyun, bai gani ba. Da ya tambayi ɗan yayarsa sai ya yi dariya, ya ce, "Kawu, ai shi ke nan. Ɗan ƙarfen nan shi ke jan buhu ɗari shida." Hedimasta ya buga lissafi a zuci, buhu 600 sau kilo 50, tan 30 ke nan, ban da nauyin bodin kansa. Ashe filin Gauraka da guminsa na shekara 35 duka a wuyan ƙarfe mai kaurin inci 2 suke rataye.

A garejin akwai wani tsohon direba da kowa ke ce wa Baba, wanda ya kama sitiyari tun zamanin da ake harhaɗa Steyr a Bauci da Fiat a Kano. Yanzu ido ya yi rauni, ya ajiye tuƙi, yana zaune a benci yana shan shayi yana gyara wa yara kuskure, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Hedimasta ya sayi goro, ya sayi littafin rubutu mai shafi 80 irin wanda ya tsufa yana dubawa da jan biro, ya je ya zauna kusa da shi, ya ce, "Baba, karatu na zo ɗauka." Baba ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce masu mota da yawa sun zauna a bencin nan, tambayarsu kuwa ɗaya ce, nawa mota take kawowa a wata, amma bai taɓa ganin wanda ya zo da littafi ba.

Tambaya ta farko ita ce sunan farantin. Baba ya ce tantebur, ya kuma ce daga gare shi ne mutanen dā suka riƙa kiran doguwar motar gaba ɗayanta da wannan suna. Guntun ƙarfen kuwa makanikai kimfin suke ce masa. In kai ya yi baya ya shiga ƙarƙashin bodi, kimfin yakan bi ta tsagar farantin har tsakiya, a nan waɗansu haƙoran ƙarfe su rufe a wuyansa, hannun buɗewa da ke gefe ya koma ciki ya kulle. Nauyin gaban bodi a kan farantin yake zama, aikin kimfin ja ne da juyawa. Kimfin iri biyu ne, mai inci 2 da mai inci 3 da rabi, kuma dole nasa ya dace da bakin tantebur. Da Hedimasta ya ji haka sai gabansa ya faɗi, domin ya sayi kai a wani wuri bodi a wani wuri, bai kuwa san akwai irin wannan tambaya ba balle ya yi ta. Aka auna, Allah ya taimake shi suka dace. Makaniken da ya auna ya ƙara masa da cewa sabon kimfin milimita 50.8 ne, in ya cinye ya sauko 49 to ya gama aiki, sai a sauya. Baba ya ce duk mai waldan da ya ce zai yi masa ciko, a ba shi kuɗin shayi a sallame shi.

Sai maganar giris, wadda ta ci shafi biyu. Duk kwanar da mota ta sha, fuskokin ƙarfe biyu ne suke gugar juna da tan-tan na kaya a bisansu. In farantin ya bushe mota takan yi gardama, direba ya karya sitiyari kai ya so miƙewa, tayoyin gaba su riƙa cin gefe. Lokacin hunturu kuma wata masifar ce, gama ƙura takan shiga cikin giris ta mai da shi kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙarfen da aka sa shi ya tsare. Saboda haka ba ƙari ake yi a kan tsoho ba, kankare shi ake yi tas, a duba ko akwai tsaga, sa'an nan a shafa sabo. Yaran mota ba su son wannan aiki, ba kuma laifinsu ba ne, wanda ya taɓa wanke baƙin giris daga ƙarƙashin farce ya san dalili.

Amma abin da Baba ya fi nanatawa shi ne haɗi. Ya ce kafin kai ya shiga, lalle ne bodi ya zama ya ɗan yi ƙasa da farantin, yadda farantin zai ɗaga shi yayin shiga. In bodi ya yi sama da yawa, kimfin zai iya haye haƙoran ya zauna a bisansu, direba ya ji ƙara ya zaci ya kama, alhali kuwa bai kama ba. Don haka kunne ba shaida ba ne. Sai an sa giya ta ɗaya an ɗan finciki bodi sau biyu birkinsa na danne, kana a sauko da tocila a tsuguna a leƙa ta baya, a ga haƙora sun rungume wuyan kimfin, a kuma tabbata cikin bodi ya kwanta lif a kan faranti. "In ka hangi haske a tsakaninsu, Malam, kada motar nan ta motsa, ko da Sarki ne ya aiko." Hedimasta ya rubuta wannan a lamba ta 9, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta da jan biro.

Haka karatu ya ci gaba har mako uku. Ya koyi cewa murɗaɗɗun tiyon nan biyu da ke bayan kai ba ado ba ne. Ja shi ke cika tankunan iskar bodi, mai ruwan ɗorawa shi ke kai saƙo in direba ya taka birki, a motocin Amurka irin su Mack kuwa shuɗi ne a madadinsa. Mai ruwan ɗorawa ake fara haɗawa, domin ja shi kaɗai yana iya sakin birkin bodi ya gangara. Ya koyi cewa iskar da injin ke matsawa tana tara ruwa a gindin tanki, musamman da damina, sai an riƙa jan zoben ƙasa kullum ana zubarwa, in ba haka ba tsatsa ta ci bawul birki ya yi sanyi a gangara. Ya gane dalilin da ya sa ba a rabuwa da waigi ko a fili mai laushi. Sai kuma taya, inda ya sha kunya. An nuna masa lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun sha faɗa cewa wa'adin taya shekara 4 ne. Ya bi tayoyinsa 22 ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa kamar mai kiran suna a aji, ya tarar 9 daga ciki sun girmi jikarsa da ke aji ɗaya. Kuɗin da ya keɓe domin gyaran rufin gida a nan suka tafi.

Wata ranar Asabar ɗansa na fari, wanda ke aiki a Abuja yana kwana a Suleja kamar dubban ma'aikata, ya biyo shi gareji ya nuna musu hotuna a waya. A Amurka da Kanada, in ji shi, akwai gidaje masu taya waɗanda ake ja da a-kori-kura, ana kafa ƙaramin tantebur a cikin bayanta daidai kan tayoyin baya, kimfin ɗin ma mai inci 2 ne irin nasu. Ciki akwai ɗakin kwana da madafa da bayi, wasu tsawonsu ya kai ƙafa 40, akasarinsu kuma a yankin garin Elkhart na Jihar Indiyana ake ƙera su. Turawa ƙafa ta biyar suke kiran farantin, sunan kuwa ya samo asali ne daga keken doki mai ƙafa huɗu, wanda ake sa wa wani zobe kwance a gaba domin ya iya juyawa. Wani maƙeri a Detroit mai suna August Fruehauf shi ne a 1914 ya ƙera wa wani ɗan kasuwar katako bodi da za a ja da mota, a 1915 kuma Charles Martin ya yi rajistar farantin haɗi. Wanda ya sayi irin gidan nan karo na farko, in ji yaron, yakan damu da ko motarsa za ta ɗauki nauyin da ke sauka a kanta, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin gidan, da yadda zai daidaita shi a ƙasa don firiji ya yi aiki, da yadda zai zubar da ruwan bututu kafin sanyi ya daskarar da shi ya fasa. Babban abin kunyarsu kuwa shi ne mutum ya ja gaba kimfin bai kama ba, gida ya faɗo ya lotsa bayan motar.

Baba ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da idonsa mai ɗan gani, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Su hutu suke zuwa da nasu. Mu a cikin namu muka tsufa." Maganar nan ta sa Hedimasta ya buɗe sabon shafi, domin bai taɓa tunanin motar a matsayin gida ba. Ya hau ya duba ɗan gadon da ke bayan kujerar direba, ya ga katifar ta mutu. Ya tambayi inda yaron mota yake kwana, aka nuna masa tabarma a ƙarƙashin bodi. Wannan yaro shi ake yi wa laƙabi da karen mota, laƙabin da bai dace da mai kwana a ƙasa yana gadin dukiyar wani ba. Ya saya musu gidan sauro biyu da jarkar ruwan sha da abin kashe gobara, ya kuma kafa doka cewa ba a kunna risho a cikin kai ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Motar ta fara jigilar siminti daga Obajana ta hanyar Lokoja, lissafin takarda kuwa ya fara warwarewa tun ba a je ko'ina ba. Litar gas da take wajen Naira 300 a farkon 2022 ta haura Naira 700 kafin tsakiyar shekarar, bayan da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke. A watan Oktoba ambaliya ta shafe hanya a wajen Koton Karfe, motoci suka yi jerin da ba a ganin ƙarshensa, tasa ta yi kwana 9 a ciki da kaya, yana aika kuɗin abinci ba abin da ke shigowa. Cikin wannan matsi ne wani ɗan kamasho ya kawo shawarar a riƙa ɗora buhu 900, watau tan 45, kamar yadda wasu suke yi. Ɗan yayarsa ya so ƙwarai, domin nasa rabon ma zai ƙaru. Hedimasta ya buɗe littafi ya karanto abin da Baba ya ce game da sifirin da taya da tsawon da mota mai nauyi take ci kafin ta tsaya, ya ce bai yarda ba. Saurayin ya fusata, ya ce a gaban makanikai da masu shayi, "Kawu, alli daban, sitiyari daban. Ka bar mana aikinmu." Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma mutumin da ya yi shekara 35 yana shiga aji ana miƙewa tsaye bai saba da ita ba. Maganar buhu 600 ta zauna, sai dai daga ran nan littafin ya daina fitowa daga aljihu in direban yana wurin.

A watan Janairu 2023, ana tsakiyar hunturu, kulocin motar ya lalace tana ɗauke da kaya. Aka lallaɓo da ita gareji, aka saukar da ƙafafun bodi a kan katako saboda ƙasar wurin tana da taushi, aka cire kai aka yi gyara kwana biyu. Mai kaya yana ta bugo waya. Ran da aka gama, da hantsi, saurayin ya yi baya da sauri ya shiga ƙarƙashin bodi, aka ji ƙara, ya leƙo ta taga ya ce wa yaron mota ya haɗa tiyo ya naɗe ƙafafu. Bai finciki bodin ya gwada ba, bai sauko ba. Hedimasta yana tsaye a gefe, taku biyar tsakaninsa da motar, tocila tana aljihunsa na dama littafi yana na hagu. Rana tana ta wancan gefen, ya kuwa hangi wani siririn haske tsakanin faranti da cikin bodi, kamar zare. Ya san lambar da ke maganar. Ya ɗaga hannu, ya dubi masu shayin nan da suka yi dariya, sai ya mayar da hannun ya gyara hularsa. Ya ce a ransa watakila idonsa ne.

Motar ta yi tafiyar da ba ta fi tsawonta biyu ba. Tana karya kwanar fita daga gareji sai bodin ya zame baya, ya daki tayoyin kai, goshinsa ya kifa ƙasa da wata ƙara da aka ji har bakin titi. Tiyon iska suka tsinke, igiyar tamfol ta katse, buhunan gaba suka zubo. Yaron mota yana tafe a gefen nan yana yi wa direba hannu, buhun farko ya sauka inda ƙafarsa ta bari. Wata yarinya mai tallan gyaɗa da ke bayansa ta zauna daɓas a ƙasa, farantinta ya kife, ƙurar siminti ta mai da ita fara fat, ta buɗe baki kuka ya ƙi fita. Ba wanda ya ji ciwo. Da aka lissafa, ƙafafun bodi sun lanƙwashe, taya biyu sun yage, buhu 43 sun fashe an biya mai kaya, mota kuma ta yi mako uku ba ta fita ba.

Saurayin ya gudu gidan uwarsa, bai ko ɗauki wayarsa ba. Da dare yayar Hedimasta ta zo da kanta, tsohuwa mai dogara sanda, ta zauna a tsakar gida ta fara ba da haƙuri. Ya bari ta gama, sa'an nan ya ce, "Yaya, ba shi kaɗai ba ne. Ni na gani." Ya faɗa mata hasken da ya hanga da dalilin da ya sa ya yi shiru. Da safe ya je gareji ya maimaita wa Baba, a gaban masu shayin. Baba bai ce masa komai ba, ya kwashe kofinsa ya koma wani benci, kwana biyu bai amsa masa gaisuwa ba. A rana ta uku ya ce, "Yaro bai duba ba, wannan ganganci ne, ana dukansa ya daina. Kai kuwa ka duba. Da 'yar mutanen nan ta mutu, me za ka rubuta a littafin?" Hedimasta bai sami amsa ba. Ya nemi gidan su yarinyar ya biya kuɗin gyaɗa, ya ƙara da turmin atamfa, uwar tana ta godiya, godiyar kuwa ta fi masa zagi zafi.

Da aka gyara mota ya aika aka kira ɗan yayarsa. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma cire masa ko kwabo ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, duk ran da aka raba kai da bodi, motar ba za ta fita ba sai mutum biyu sun leƙa da tocila, in yana gari shi ne na biyun, in a hanya ne yaron mota. Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Kawu."

Akwai wata tambaya a lamba ta 54 wadda ta daɗe ba amsa, watau ko ya sayar da bodin siminti ya sayi tanki, tun da masu dakon mai sun fi samu. Har ya fara tari dominta. Ran Asabar 18 ga watan Janairu 2025 wata tankar fetur mai lita 60,000 ta faɗi a mararrabar Dikko, jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Daga 1 ga watan Maris na shekarar gwamnati ta hana yi wa tankoki masu wannan girma lodi. Hedimasta ya je ta'aziyya gidaje biyu. Da ya dawo ya buɗe littafin ya soke lamba ta 54, ya kai kuɗin tarin ya sayi sababbin taya huɗu.

Kuɗin fili dai har yanzu ba su gama dawowa ba. Wanda ya saya ya gina bene mai shaguna a ƙasa, in sun wuce ta Gauraka a motar haya uwargida takan juya ta dube shi, ba ta cewa komai. Motar tana ciyar da gida uku, wata ta kawo wata ta ci. Littafin farko ya cika, an shiga na biyu, rubutun da ke cikin shafukan baya-bayan nan kuwa ba na Hedimasta ba ne, na yaron mota ne, wanda ya bar makaranta a aji huɗu, yanzu kuma yake zama a benci da yamma ana gyara masa baƙaƙe da jan biro.

Ran Litinin da ta wuce, bayan sallar asuba, an sake haɗa kai da bodi a garejin. Saurayin ya sa giya ya finciki bodi sau biyu, ya ja birki, ya sauko ya leƙa, sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, "Kawu, zo ka duba." Dattijon ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya dafa taya, ya tsuguna a hankali domin gwiwa ta fara ba shi wahala. Ya haska tocila ya daɗe yana kallo. Da ya gama yaron mota ya kama hannunsa ya tashe shi, ya kakkaɓe ƙurar gwiwarsa, ya ce su tafi, Allah ya kiyaye hanya.